Dosiyen Ɗan Keita: Tun Ran Gini, Ran Zane

Kowace shekara, da an bayyana sakamakon jarrabawar bak, gari yakan rabu biyu, gidajen guɗa da gidajen jaje. Ba abin mamaki ba ne, domin daga 2021 zuwa 2023 babu shekarar da waɗanda suka ci bak a Nijar suka kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna mata. Amma akwai wani kashi da ba a cika maganarsa ba, watau yaran da suka ci da kyau, aka yi musu guɗa, sa'an nan bayan wata uku ka iske su zaune a bakin tasha, saboda makarantar da suke buri ta rufe ƙofa kafin takardunsu su isa. A kansu nake so in yi magana yau.

Ni haifaffen ƙasar Keita ne, alli na riƙe har na aje aiki. Tun daga lokacin nan, da damina ta faɗi, zauren gidana yakan cika da ƴaƴan dangi da na maƙwabta, kowa da ambulan ɗinsa a hannu. Abin da na koya a wannan zaure shi ne, dosiye mai ƙarfi aikin shekara uku ne, ko da yake cikin mako biyu ake karɓarsa.

Sai mu fara da sanin ƙofofin. Jami'ar Yamai, wadda aka kafa a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, tana karɓar masu bak da yawa, haka ma jami'ar jaharmu ta Tawa, wadda aka kafa a 2010, mai ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani. Amma akwai ƙananan ƙofofi waɗanda ba kowa ke shiga ba. Sashen koyon likita sai an tace. Makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu, da EAMAC ta aikin jiragen sama da hasashen yanayi, dukansu a Yamai, konkur ake yi kafin a shige su. A Wagadugu akwai 2iE, inda ake horar da injiniyoyin ruwa da muhalli. Akwai kuma gurabun karatu da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya suka saba ba Nijar, waɗanda sukan bi ta ofishin ANAB mai kula da burs. Turkiyya tana buɗe nata neman ta intanet daga watan Janairu zuwa Fabrairu, tun yaro bai zauna bak ba, kuma mai neman digiri na farko dole ya kasance bai kai shekara 21 ba. Hanyar Faransa, wadda mu muka tashi muka tarar, ta yi wuya tun 2023, ofishin jakadancinta na Yamai ma an rufe shi a farkon 2024. Kada kuma mu manta Sakkwato ta fi Yamai kusa da Keita, kuma a can akwai jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gaba da ita ga Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, ga wanda ya riƙe Ingilishinsa da kyau.

Duk waɗannan ƙofofi, abin da suke fara dubawa maki ne. Wanda ya samu 10 bisa 20 ya ci bak. Amma lambar yabo, wadda yara ke kira mansiyo, daga 12 take farawa, ta biyu daga 14, ta ƙoli daga 16. Masu zaɓe kuma ba su tsayawa ga jimilla. Mai son likita za a duba abin da ya samu a ilimin halittu da fizik da kimiyya, mai son injiniya a duba lissafinsa. Da yawansu ma sukan nemi takardun maki na shekaru ukun lise gaba ɗaya. Yaron da ya yi wasa a ajin farko yana cewa sai tarminal zai ɗaura ɗamara, ya riga ya rubuta rabin dosiyensa bai sani ba. Shi ya sa nake roƙon iyaye, ko ba ku karanta Faransanci, ku karɓi takardar makin kowane zango, ku sa a karanta muku, ku adana ta inda kuke adana takardar gona. Gara da ɗigon ɗaki sun cinye takardu da yawa a ƙasar nan.

Sai maganar suna, wadda ta fi kowace ci mini rai. Wata shekara ɗiyar ƙanena ta kawo mini ambulan ɗinta, yarinya mai kai, ta ci bak D da lambar yabo. Na baza takardun bisa tabarma. A takardar haihuwa an rubuta sunan ubanta Aboubacar, a takardar BEPC Boubacar, a ta bak kuma Aboubakar. Mu nan mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke zaune a Rabat ko Ankara, da dosiye dubu a gabansa, mutum uku yake gani. Na ce mata, "Ɗiyata, wa ya rubuta wannan?" Ta ce, "Baba, ni dai haka aka ba ni." Gaskiyarta. Wani magatakarda ne can baya ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Kafin a gyara, sai da aka sha zirga-zirga tsakanin ofisoshi, wa'adin gurbin da take nema ya wuce, ta yi zaman shekara guda. Da an gwama takardun tun tana ajin farko na lise, da an gyara a tsanake.

Haka sauran takardu, kowace da halinta. Yaranmu da yawa an haife su a ƙauye ba a kai sunansu gidan magajin gari cikin lokaci ba, sai takardar alƙali mai maye gurbin ta haihuwa, wadda sau da yawa ake ƙiyasta shekarun yaro da ido. In an ƙara masa shekara biyu, ƙa'idar shekaru za ta iya fitar da shi. Takardar shaidar zama ɗan ƙasa daga kotu take fitowa. Takardar shaidar rashin laifi wata uku kawai take aiki, wanda ya yi gaggawar karɓarta za ta mutu a hannunsa, wanda ya yi jinkiri kuma ba za ta iso ba. Kowane fotokopi sai an buga masa hatimi, hatimi kuma sai da tambur. Fasfo shi ma ba a rana ɗaya yake fita ba. Ɗan Yamai yakan gama wannan duka da kuɗin taksi. Ɗan Ibohamane ko Garhanga sai ya shigo Keita, ya wuce Tawa, wani lokaci har Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500 daga Tawa, a tsakiyar damina, lokacin da ƙoramu ke yanke hanya, gona kuma tana jiran hannunsa.

Ga takardar da ta fi ba yara tsoro, watau wasiƙar da mai nema yake bayyana dalilinsa. Wani saurayi daga ƙauyukan gabashin Keita, mai son karatun ruwa da ƙasa, ya kawo mini tasa. Faransanci tsaf, babu kuskure ko ɗaya, amma daga intanet ya kwaso ta. Wai tun yana ƙarami yake ƙaunar kimiyya, wai yana so ya taimaki Afirka. Na ce masa, "Yarona, in na shafe sunanka na sa na ɗan Kotonu, me zai sake?" Ya yi shiru. Na ce, "To, ba ni labarin gonarku." Nan bakinsa ya buɗe. Ashe gonar fako ce da, ko ciyawa ba ta fitowa. Kakarsa tana cikin matan da suka ɗauki duwatsu a ka zamanin Froje Keita, aikin nan da aka fara a 1984 bayan fari, da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, PAM tana biyan ma'aikata da abinci. Ya san yadda ake jera shingen duwatsu bisa tudu don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Ya san ramukan tassa da na rabin wata. Ya san madatsar garinsu ta cika da rairayi, ya san shekarar da rijiyar lambunsu ta fara ƙafewa tun kafin a cire albasa. Ya ce abin da yake so ya gane shi ne, me ya sa wani shinge ya yi shekara talatin yana tsaye, wani kuma ruwa ɗaya ya kwashe shi.

Na ce, "Kawunka ya ji. Je ka rubuta wannan, kada ka ƙara gishiri." Sau huɗu ya sake ta kafin ta zauna, shafi ɗaya tak: abin da ya gani, tambayar da ta dame shi, darussan wannan makaranta da za su ba shi amsa, da aikin da zai yi in ya komo. An kira shi hira. Malaman da ke zaɓe sun karanta aikin Keita a littattafai, domin masana daga ƙasashe da yawa sun yi rubutu a kan miliyoyin itatuwan da aka dasa a Adar, da layukan dogon yaro masu tare iska da aka soma dasawa a kwarin Majiya, ƙasar Buza, tun 1975. Samun ɗalibin da ya tashi a cikin abin, ba kullum ba ne. Yaranmu suna jin kunyar cewa daga ƙauye suke, alhali a irin wannan wasiƙa shi ne jarinsu.

Wasiƙar shaida daga malami ita ma tana da ladabinta. A nemi wanda ya koyar da yaro, ya san rubutunsa da halinsa, a ba shi lokaci, wata guda in da hali. Shaidar mushen lissafi wanda zai ce yaron nan ya yi shekara biyu yana koya wa ƴan ajinsa da dare da fitilar hannu, ta fi sa hannun babban mutum wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Nan ne za mu taɓo inda ke ciwo. Wani abokina, babban ɗan kasuwar albasa, ya taɓa ce mini, "Mushe, bar wahalar da yaro, nawa ne a gyara makin?" Na ce, "Alhaji, kai da ke loda mota zuwa Abijan, in ka sa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu, ka jera mai kyau a baki, sau nawa dillalin can zai saya wurinka?" Ya yi dariya, ya ce sau ɗaya. To, makarantun waje sukan tambayi inda takarda ta fito. In an kama ta jabu, korar yaron za a yi ko ya kai shekara ta uku, kuma duk dosiyen da ya biyo baya daga wannan lise da zargi za a dube shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka masu zuwa su ce a ba su jika kaza su samo burs. Neman Turkiyya kyauta ne, kowane yaro yana iya cika shi da kansa, sanarwar ANAB kuma a fili ake fitar da ita.

Wani abin kuma, kada yaro ya rataya ransa ga ƙofa ɗaya. Ya nemi wadda yake mafarki, ya nemi wadda makinsa ya kai, ya kuma yi rajista a Tawa ko Yamai ko Maraɗi. Wanda bai samu fita a shekarar farko ba, in ya riƙe karatunsa da kyau a gida, ƙofar digiri na biyu tana gabansa. Abdou Moumouni kansa daga Tasawa ya tashi, ya bi ta makarantar William Ponty a Senegal, kafin ya kai Paris, ya komo ya yi wa ƙasarsa aikin hasken rana.

Saura naku, masu karatu. Ku ma'aikata, ku ne kuke ganin sanarwa tun tana da ɗumi. In kun gani, ku aika wa shugaban lisen garinku a ranar, ko ta WhatsApp ne, kada ta tsaya a gidajenku. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma gurabu da yawa sun wuce ƴaƴan Adar don ba su ji ba. Ku ƴan kasuwa, kuɗin tambur da hoto da mota ba su kai ribar buhu kaɗan ba, amma su ne ke tsayar da ɗan talaka. Motocinku suna zuwa Tawa da Yamai kowane mako, kujera ɗaya ga ɗalibi mai ambulan ba za ta rage ku da kome ba. Ƙungiyoyin ƴan asalin Keita da Buza da Madawa da ke birane su keɓe mutum biyu ko uku masu duba takardun yara tun watan Oktoba. Ku kuma iyayen ƴan mata, ku tanadi amintaccen masauki tun da wuri, don kada ranar da aka kira ta a ce babu inda za ta sauka. Matan ƙasar nan ne suka ɗauki duwatsun da suka raya fako, jikokinsu sun cancanci a ba su hanya.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa su je lafiya, su komo da abin da zai amfani ƙasa. Sai mako mai zuwa.