Wanki a Bakin Tur'a: Abin da Muka Gani a Managil

A wannan wata mun leƙa 'yan'uwanmu na ƙauyukan Managil, yamma da Wad Madani. Wanda ya san ƙasar nan ya san shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka ko'ina, magudanan ruwa sun tsattsaga ta. Ruwan daga Kogin Nilu Shuɗi yake, ta madatsar Sinnar wadda aka gama a 1925. Gonakin Managil kuwa ƙari ne da aka yi wa aikin Jazira tun ƙarshen shekarun 1950. Iyayenmu da yawa tsinkar auduga ce ta zaunar da su nan, wasu daga Mai Wurno, wasu kuwa mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu a hanya.

Da hantsi muka isa wani kambo da ke gefen tur'a, muka tarar ranar wanki ce. Mata sun jera manyan tasoshi, ga sabulu, ga bula ta farar jallabiya. Abin da ya tsayar da mu shi ne matse tob. Zane ne da ya haura mita 4, in ya sha ruwa mace ɗaya ba ta iya masa. Sai biyu su kama, kowacce da bakinta, wannan ta murɗa dama, waccan hagu, har ya nannaɗe kamar igiya. Wata dattijuwa na zaune tana duba su, sai muka ji ta ce: "Ke 'yar nan, sassauta hannu, kada ki yaga wa uwarki zane." Muka gaishe ta, muka ce: "Inna, sannu da aiki." Ta ce: "Yawwa 'ya'yana, aikin ai na masu ƙarfi ne, mu yanzu sai baki."

A cikin gida ma haka abin yake. Inda ɗaki ke da siminti, tsumman buhu ake jiƙawa a goge, a matse da hannu, a sake. Ruwan da ya rage a yayyafa a tsakar gida don ƙura ta kwanta. Wanda ya ɗauko jarka a ka ba ya wasa da ruwa.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. 'Yan matan da muka gani suna ɗauraya, cikin tur'a suke tsaye, ruwa har gwiwa. Ruwan nan mai tafiya a hankali, mai ciyawa, shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ba, daga baya a ga jini a fitsari ko a bayan gida. Tun 1979 aka kafa Shirin Lafiya na Nilu Shuɗi don yaƙar ta da zazzaɓin sauro, aka yi shekaru ana raba magani, amma shirin ya ƙare, katantanwa kuwa tana nan. Ga shi kuma bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023, 'yan gudun hijira sun cika Managil, masu wanki suka ƙaru, ruwan famfo bai ƙaru ba.

Shawararmu ga iyaye mata ita ce a ɗebo ruwan daga gaɓa, a kai gida, a bar shi a duro kwana 2 kafin a yi wanki, domin ƙwayar ba ta wuce haka da rai in ba ta sami jikin mutum ba. Maza kuma, masu jaki da amalanke, ɗaukar ruwan nan ya fi dacewa da ku. Yaron da aka ga alama a jikinsa a kai shi asibiti, maganin firazikwantel yana kashe ta.

Da za mu tafi, tob ɗin nan ya bushe a kan dangar ƙaya, Inna tana naɗe shi. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sada mu da alheri a wata mai zuwa, amin.