"Mun Yafe" Ba Ya Wanke Direba

Jama'a, akwai wata kalma da muke saurin furtawa a ƙasar Daura duk ran da mota ta kashe mutum, wato "ƙaddara ce, mun yafe." Ni ma na yi imani da ƙaddara, amma ban yarda a riƙa lulluɓe ganganci da ita ba.

Duk mai bin hanyar Daura zuwa Kazaure, ko ta Mashi, ko ta Kwangwalam ranar kasuwar Mai'aduwa, ya san abin da nake faɗi. Lodi har bisa rufi, gudu kamar za a tashi sama. Uwa-uba ranar kai amarya, inda samari ke tsere da motoci a cikin gari. A irin wannan ne aka take yaron maƙwabciyata, ya fita sayo mata ƙuli-ƙuli. Kafin sadakar bakwai dattawa sun zo biko, uban ya ce ya yafe, uwar kuwa ba wanda ya tambaye ta. Bayan sati biyu direban ya koma kan sitiyari.

To, hukuma ba haka ta ce ba. Tun 1988, zamanin Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra. Dokarta ta 2007 ta tanadi tarar naira 50,000, ko ɗaurin da ka iya kai shekara 2, ko duka biyun, ga mai tuƙin ganganci, ko da bai taɓa kowa ba. In kuwa rai ya salwanta, ɗaurin na iya kai shekara 7. A cikin gari ma gudu bai wuce kilomita 50 a awa ba.

Addini ma bai sallame shi ba. A Suratun Nisa'i an ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara. Dangi na da ikon yafe diyya, amma kaffarar, wadda a yau azumin wata 2 ne a jere, tana nan a wuyansa. Direba nawa ne suka taɓa yin ta?

Yafiya halin kirki ce, Allah Ya ba masu yin ta lada. Sai dai haƙƙinka kaɗai za ka yafe, ba na yaron da zai tsallaka titi gobe ba. Don haka iyayenmu masu unguwanni da dagatai, ku yi sulhun, amma ku bar shari'a ta yi aikinta. Mu kuma mata, in direba ya fara gudu mu daina yin gum don kunya. "Malam, rage wuta" ba rashin tarbiyya ba ne.

Allah Ya kiyashe mu, amin.