Na gan shi, amma ban gan shi ba

Akwai wani bideyo a wayata, tsawonsa minti 2 da sakan 10. Ban sa shi a TikTok ba, ban tura wa kowa a WhatsApp ba, kuma na kasa goge shi. Mutum uku da suka gan shi duk sun ce a cikin abin da na taɓa ɗauka babu wanda ya kai shi kyau. Gaskiyarsu. Labarinsa nake so in ba ku.

Yayana ne ya kawo dron ɗin daga Abijan, shekarar da ya dawo daga bida. Irin ƙaramin nan ne, DJI Mini 2, wanda bai kai giram 250 ba. In ka naɗe masa ƙafafu sai ya shiga aljihun babbar riga. Farfela huɗu gare shi, da ƴar kamera rataye a wani ɗan hannu mai daidaita kansa, yadda ko iska ta girgiza jirgin hoto ba ya rawa. Ana tuƙa shi da telekomand mai sanduna biyu, ka maƙala wayarka a sama, duk abin da kamera ta gani sai ya fito maka a ekran. Yaya ya yi sati biyu yana wasa da shi, ya gaji, ya koma Abijan ya bar mini. Inna kuwa tun ranar farko ta sa masa suna "zanzaron Nasara", ta ce kada ta sake jin kukansa a tsakar gidanta.

Da bukukuwan aure na fara. A Tawa yanzu, in kortej ɗin amarya ya tashi ba wanda ya ɗauke shi daga sama, kamar bukin bai cika ba. Ni kuma ɗalibi ne, jika 10 ko 15 a yini ɗaya ba abin rainawa ba ce. A nan na koyi halin abin. Kwalinsa ya ce batir yana yin minti 31, amma a hannuna in ya yi 20 na gode Allah. Ƙura maƙiyarsa ce, don haka a kan tabarma nake tashinsa. A watan Afirilu waya ce ke fara suma kafin shi, sai ekran ya dushe don zafi. Kuma na san inda ba a kusanta: filin jirgi, bariki, duk wurin da masu kaki suke. A Nijar ta yau ba sai an yi wa mutum bayanin abin da kalmar dron take tuna wa jama'a ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mota. In ka hau sama sosai ka dube ta, ko gudun 100 take yi, sai ka ga kamar kunkuru ne ke rarrafe. Gudu ba ya fitowa daga nesa. In kana so mai kallo ya ji shi a ƙirjinsa, sai ka sauko ƙasa-ƙasa, ka matsa kusa, ka bar itace ko dutse ya gifta tsakaninka da ita. Ko kuma ka samu ƙura, musamman bayan la'asar, rana tana bayanta, ƙurar ta zama ja kamar wuta, inuwar motar ta miƙe ta ninka ta uku. Matsala ɗaya ce: ɗan jirgina ƙarshen gudunsa wajen kilomita 57 ne a awa. Ba ya iya bin mota. Dole ka tsaya a gabanta ka jira ta, in ba ta fito yadda kake so ba ka ce wa direba ya koma ya sake. Ku riƙe wannan kalma, "sake", za mu dawo kanta.

A farkon 2024 wani bideyo ya zagaye wayoyinmu. Wasu ƴan Holan sun ƙera dron mai gudun fiye da kilomita 300 a awa, suka sa shi ya bi motar Max Verstappen zagaye guda cur a filin tsere na Silverstone, a Ingila. Ni da abokina mun kalle shi ya fi sau ashirin. Abokin nan tun muna CI muke benci ɗaya. Bai samu BEPC ba, ya bar lakwal, ya zama yaron mota, daga baya wani Alhaji ya ba shi tuƙin Hilux ɗinsa. Hannunsa yana da kyau, kowa ya shaida. Ranar ya aje wayar ya dube ni ya ce, "Aboki, mu ma muna da mota, muna da jirgi, ga rairayi kyauta. Mi muke jira?"

Sai hutun Disamba muka samu dama, Alhaji ya yi tafiya. Mu uku muka fita bayan gari wajen tuddan rairayi: ni, shi, da wani ɗan ajinmu. Hunturu ne, akwai ɗan hazo, amma iska ta kwanta. Muka zaɓi wani tudu mai tsawo. Shirin shi ne ya taso daga nesa, ya hau tudun, ya ɓullo ta kansa, ni kuma ina rataye a sama ta gefen yamma ina jiran sa.

Na farko ya zo a hankali, ya hau ya sauka lafiya. Na duba, na ce, "Bai yi ba, kamar jaki. Sake." Na biyu ya ƙara wuta, ƙura ta tashi, amma na makara wajen juya kamera, rabin motar ya fita daga hoto. Laifina ne, amma abin da na ce masa shi ne, "Sake, ka ƙara kaɗan." Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka riƙe zanzaronka da kyau." Lokacin batir ya sauko 20 cikin ɗari, telekomand ya fara ƙara. Na ce masa wannan ne na ƙarshe, ya ba shi duka.

Wanda ya taɓa hawan tudu da mota ya san cewa kafin ka kai kansa ba ka ganin komi sai sama. Abin da ke ɗaya gefen, sai ka faɗa masa. Duk filin nan mutum ɗaya ne ke ganin gefe biyu a lokaci guda, ni ne.

Ya taso. Ƙura ta miƙe a bayansa kamar wutsiya, rana ta kama ta, ta yi ja. Ɗan ajinmu ya leƙo ta kafaɗata yana cewa, "Kai! Kai! Wallahi kamar a tele!" Motar ta hau, ƙafafun gaba suka bar ƙasa, sai ga awaki sun watse a ƙarƙashinta. Ya karya sitiyari hagu. Hilux ta karkata, ta tafi a kan ƙafa biyu, ta kwanta a gefenta, ta ja rairayi ta tsaya.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Lokacin da take kifewa, babban yatsana bai tsaya ba. Ya bi ta a hankali, ya ajiye ta a tsakiyar hoto, yadda na koya masa. Sai da ɗan ajinmu ya yi salati ya ruga sannan na tuna cewa mutum ne a ciki.

Mun fito da shi ta taga, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Awaki biyu sun mutu nan take. A gefe kuma, bai fi taku biyar daga sawun taya ba, wani yaro ne tsaye, ɗan kiwo, shekarunsa ba su wuce tara ba, da sanda a hannu da gorar ruwa a wuya. Bai yi kuka ba, bai gudu ba, kallonmu kawai yake. Dron ɗin ma na manta da shi a sama. Da batir ya kusa ƙarewa, shi ya komo da kansa ya sauka kusa da tabarma.

Da dare, bayan mun baro asibiti, na buɗe bideyon. Na kalla sau ɗaya, na mayar baya. A kusurwar dama ta ƙasa akwai wani ɗigo baƙi, da wasu ƙananan ɗigo farare kewaye da shi, suna tafiya a hankali zuwa gindin tudun. Na duba lokaci: sakan 40 cur suna cikin hoton kafin mota ta iso. Idona yana kan ekran ɗin nan duk tsawon lokacin. Na gan shi, amma ban gan shi ba, don ba shi nake nema ba. Ko da ma na lura, da mi zan kira direba? Wayata tana maƙale a telekomand. Wanda ke da waya a hannu kuma ekran ɗina yake kallo.

Kawu ne ya ja motar washegari. Tsohon makanike ne, ya fi shekara 40 yana cikin baƙin mai. Na yi zaton zai zage ni. Sai ya ce in nuna masa hoton. Ya kalla shiru, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Na san wanga hoto. Na gane shi tun ba a haife ka ba."

Sai ya ba ni labarin Pari-Dakar. Mu ƴan yanzu a Saudiyya muka san shi, don can ake yin sa tun 2020, bayan shekarun da ya yi a Kudancin Amurka daga 2009. Amma tun tafiyar farko, wadda ta tashi daga Pari a Disamba 1978, ta ƙasarmu ya bi. Agadas da Tenere su ne zuciyarsa, har a 1997 aka yi wanda ya tashi daga Dakar ya zo Agadas ya koma. A ƙarshen shekarun 1980 yakan sauko ta Tawa ya nufi Yamai, lokacin Kawu yana saurayi a garaji. Ya ce, "Mun kwana muna kallon motoci, munka ga jirage masu saukar ungulu suna bin su a sama. Daga baya anka nuna muna a tele. Na nemi garinmu, ban gane shi ba. Mota da ƙura kawai. Mu da munka tsaya bakin hanya, awa tururuwa."

Wanda ya kafa ralin, Thierry Sabine, a cikin irin jirgin nan ya mutu, a Mali, ran 14 ga Janairu 1986. Labarinsa duniya ta sani. Amma a 2006 motocin ralin sun kashe yara biyu a bakin hanya, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal, kuma ba su ne na farko ba. Su wa ya riƙe sunansu? A hoton sama su ma ɗigo ne.

Na ce, "Kawu, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Ya aje sifana ya dube ni. "Tsautsayi na Allah ne, ɗana. Amma wa ya ce mai shi sake? Da ba ka sama, da ya hau tudun da wanga gudu?" Ban amsa ba, don na san amsar. Sau biyu abokina ya hau tudun nan lafiya. Abin da ya canza a na uku ba motar ba ce, ba rairayin ba ne. Ido ne a sama, da ni a ƙasa ina cewa bai isa ba.

Tun daga ranar nake ta juya abu biyu a raina. Na ɗaya, kamera ba ƴar kallo ba ce kawai. Da zarar direba ya san ana ɗaukar sa, ƙafarsa takan yi nauyi a kan totur. Mun sha gani a kortej, samari a kan moto suna sakin hannu daidai lokacin da suka ji kukan dron. Na biyu, mun kwaikwayi hoton Silverstone, ba mu kwaikwayi abin da ke bayan hoton ba. Can fili ne rufaffe, an kewaye shi, ba akuya, ba ɗan kiwo, direba yana ɗaure da bel da hular kwano, akwai masu magana da shi ta rediyo, likita yana jira. Mu kuwa mun ɗauka daji ba kowa. Alhali ku da kuka tashi a Adar ko Gobir ko Damagaram kun sani, babu dajin da ba kowa a ƙasar nan. Duk inda ka ga fili, hanyar wani ce zuwa rijiya. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ni na wuce rimi da mita 60, ban hango ba.

Alhaji ya sallami abokina. Wata biyu hannunsa yana rataye, yanzu yana kabu-kabu da moto na haya. Bai taɓa ce mini laifina ne ba, ni ma ban taɓa ce masa ba nawa ba ne. Mukan sha shayi tare, mu yi zancen ƙwallo. Kuɗin aure huɗu na tara na ba da nawa kason na gyaran mota. Ban daina tashin dron ba, shi ke biya mini fotokopi da kuɗin mota zuwa jami'a. Sai dai yanzu batir na farko ba na ɗaukar komi da shi, zagayawa nake ina ƙirga mutane da dabbobi. Dole wani ya tsaya da waya a kunne, direba a ɗaya gefen, idonsa a fili. In an ce in ɗauki masu sakin hannu, sai in sauke jirgina. Kalmar nan kuma na bar faɗin ta.

Kuɗin awakin, ni da Kawu muka kai har ƙauyen. Uban yaron ya karɓe mu a zaure, ya sa aka kawo fura. Na ce, "Baba, mun zo neman gafara." Ya ce, "Tunda Allah ya tsare min ɗiyana, sauran duk mai sauƙi ne." Da ƙyar ya karɓi kuɗin, sai da Kawu ya haɗa shi da Allah.

Muna shirin tashi sai yaron ya matso, ya ce wai an ce jirgin ya ɗauke shi, yana so ya gani. Na dubi Kawu, Kawu ya ɗaga kai. Na buɗe daga farko, na riƙe yatsana kusa da wurin tsayarwa don kada ya kai ga kifewar. Ban ma buƙaci haka ba. Motar tana tasowa da jar ƙurarta, ko kallonta bai yi ba. Sakan biyu bai cika ba ya ɗora yatsa a kusurwar dama ta ƙasa, ya yi murmushi.

"Ga ni nan," ya ce. "Wagga ta gaba ita ce mai ciki."