Makewayin Gidanmu

Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, gidajen siminti suka yi ta tsirowa, kowanne da banɗaki a ƙuryar ɗaki, ga tayil, ga shawa. Sai dai ranar da famfo ya ƙafe, wari kan kori maigida daga gadonsa.

Makewayin da na tashi na tarar kuwa can ƙarshen gida yake, kewaye da zana, babu rufi. Rana ke busar da daɓensa, iska ta kwashe ɗoyi. Bokiti guda ya ishi mutum wanka, ga soso da sabulun salo, ga dutsen goge kaushi. Ruwan da ya gangara kuma ayaba ke sha.

Da muka tashi gyara shi, ban yarda a rushe ba. Muka ja katanga a madadin zana, muka shafe ƙasan da siminti, muka yi wa masai murfi saboda ƙuda. Abu guda muka sauya ɗungurungum: muka nisanta ramin daga rijiya, domin damina kan haɗa ruwansu ta ƙarƙashin ƙasa, ta nan kuwa amai da gudawa ke shigowa gida.