Yini Guda a Kasuwar Katako ta Aboabo

Jama'ar unguwarmu a Zangon Tamale sun yi karo-karo wata shida domin a sake ƙofofin makarantar allo, aka damƙa mini kuɗin, aka haɗa ni da wani dattijon kafinta. Kuɗin mutane kuwa nauyi gare shi. Da hantsi muka nufi kasuwar katako ta Aboabo.

Tun kafin ka shiga ƙarar injin da ƙamshin ɗanyen itace za su tare ka. Babura masu ƙafa uku na ta fita da kaya, ana ciniki da Dagbani da Twi da Hausa. Mafi yawan katakon nan ba na ƙasar arewa ba ne. Daga kurmin kudu manyan motoci ke hauro da shi, su bi ta Techiman da Kintampo, su haye gadar Buipe da ta Yapei. To, a nan matsalar take. Itacen da ya tashi cikin danshi ya zo garin da hunturu ke busar da leɓen mutum, dole ya motsa. Wanda ka gani sumul a watan Satumba, kafin Janairu ya tsage ko ya lanƙwashe.

Ni dai idona ya faɗa kan wawa, fari tas, ga araha. (Sunan itacen ke nan a bakin mutanen Asante, ba zagi ba ne.) Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan na silin ne da benci. Ba ya jure gara, ga ƙwaro na son sa." Ya juya falanki ɗaya ya nuna mini tabo shuɗi-shuɗi, alamar an jibge shi da jiƙa. Fenti zai rufe tabon, amma mu so muke a ga fuskar itacen.

Sai muka koma wajen odum, wanda mutanen Nijeriya ke kira iroko. Nan na ga aiki. Kowane falanki sai ya ɗaga bakinsa, ya kanne ido ɗaya, ya bi gefensa da kallo kamar maharbi, don ya ga ko ya karkace. Sa'an nan ya auna nauyinsa a hannu, domin ɗanye ya fi busasshe nauyi. Ya duba bakin ko akwai tsaga, ya bubbuga ko gari zai zubo daga ramin ƙwaro. Wanda ke da farin gefe ya ture shi, ya ce wannan ɓangaren bayan itace ne, shi gara ke fara ci, zuciyar ita ce mai ƙarko. Kulli ma iri biyu ne a wurinsa: mai rai, wanda ya kama jikin katakon, da matacce mai baƙin zobe, wanda wata rana zai faɗo ya bar rami a ƙofa.

Abin da ya fi burge ni shi ne da ya goga samfefa a wuri kaɗan, ya shafa ruwa da yatsa. Nan take launin ya fito kamar an shafa mai. Haka ya jera guda takwas a rana, yana sauya musu wuri har launinsu ya dace da juna, don kada ƙofa ta fito rabi ja rabi rawaya. Ya ce sabon yankan odum rawaya ne, da sannu yake komawa ruwan ƙasa.

Mai kayan ya so ya tura mana wasu masu sauƙin kuɗi, sai ga sawun zarton inji a jikinsu, kauri bai daidaita ba. Tun 1998 doka ta hana yanka katakon sayarwa da irin wannan zarto a Ghana, amma bai ɓace daga kasuwanni ba. Ko ba don doka ba, in an kankare shi ya daidaita, rabin kuɗinka ya tafi a ƙasa.

Kuɗinmu bai kai ƙofa uku ba, biyu muka saya. Na san zan sha tambaya wurin dattawa. Katakon yana zaure yanzu, an jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, kafinta kuma ya ce ba zai taɓa shi ba sai hunturu ya wuce.