Da Wace Tiya Ake Auna Yaro?

A wani ƙauye da ke kan hanyar Magarya zuwa Dungas, cikin jahar Damagaram, akwai wani malamin lakwal, mushe kamar yadda mutanen garin ke kiransa, wanda ya shafe shekara goma sha tara yana koyarwa, rabinsu a cikin rumfar kara. A tsawon wannan lokaci ya ba ƴaƴan mutane maki ba iyaka da jan biro, hannunsa bai taɓa rawa ba. Sai da aka zo masa da maganar auna nasa ɗan, sannan ya gane ashe mai awo ma yakan ji tsoron tiya.

Yaron ɗan fari ne, don haka mahaifin ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "yaron nan". Shekararsa goma sha ɗaya, yana aji shida, wato CM2. Tun yana aji uku yake yi wa kakarsa lissafin riɗi da gyaɗa da ka, yana juya naira zuwa sefa kafin falken da ya dawo daga kasuwar Maigatari ya gama latsa wayarsa. Yakan yi tambayoyin da ke sa manya su yi shiru: me ya sa rijiyar fadama ba ta da zurfi, ta tudu kuwa sai an haɗa igiya biyu? Mushe yana ji, yana kawar da kai, sabili da alkunya ba ta bar uba ya yabi ɗan farinsa ba.

Wata kaka, bayan an gama shigar da gero rumbu, ƙanen matarsa, wanda ke aiki a Yamai, ya zo ganin gida. Kwana biyu ya yi yana sauraron yaron, a na uku ya ce: "Yaya, wannan yaro ya fi ƙarfin rumfar kara. Ka ba ni shi in kai shi wurin masanin halayyar ɗan Adam a yi masa awon basira. In lambar ta fito sama, mu zage dantse ya shiga gasar Prytanée. In ba ta fito ba, mun huta da ɓarnar kuɗi."

Maganar ba ta banza ba ce. Prytanée makarantar kwana ce ta soja da aka buɗe a Yamai a 1996, tana ɗaukar yara kaɗan daga cikin waɗanda suka gama firamare, ta hanyar gasa mai tsanani. Ga ɗan ƙauye, samun gurbi a cikinta yana nufin littattafai, da abinci, da malamai, da hanyar da ba ta katsewa a aji uku na kwaleji. Makwabta ma sun bi wannan tafarki na ware haziƙai: Nijeriya ta buɗe makarantarsu ta Suleja a 1990, jihar Jigawa kuma, wadda ke iyaka da Dungas, ta gina tata a Bamaina zamanin gwamna Sule Lamido. Alal haƙiƙa gasar Yamai ba lambar awon basira take tambaya ba, jarrabawa ake zaunawa. Kawun yaron yana son lambar ne domin a san tun daga Laraba ko Juma'ar za ta yi kyau.

Mushe ya roƙi a ba shi mako guda. Da dare ya zaro tsofaffin takardunsa na makarantar horon malamai ta Damagaram, ya sake karanta abin da ya haddace don jarrabawa, ya kuma mance. A 1905 ne Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da awon farko a birnin Paris, kuma manufarsu ita ce gano yaran da karatu ke yi wa wuya domin a taimake su. Binet da kansa ya yi gargaɗi kada a ɗauki sakamakon a matsayin hukuncin da ba ya sauyawa. Daga baya, a 1916, Lewis Terman na jami'ar Stanford a Amurka ya gyara awon, lambar da ake kira IQ, ko QI da Faransanci, ta bazu cikin duniya. A yau ana tsara ta yadda matsakaicin yaro zai sami 100, wanda ya kai 130 kuwa, wato kimanin yaro 2 cikin 100, shi ake cewa mai baiwa.

A nan tunanin mushe ya tsaya. Matsakaicin yaro na ina? Lambar ba nauyin ƙwaƙwalwa take faɗa ba, kwatanci ce tsakanin yaro da sa'o'insa waɗanda aka daidaita awon a kansu. In da Faransanci za a yi, to da yaran Faransa za a jera ɗansa, waɗanda suka sha harshen a nono, alhali shi a rana ta farko ta aji ɗaya ya fara jinsa. Duk matar da ke cin kasuwa ta san tiyar wani gari ba ta wani gari ba ce, kuma wanda ya sayi gero da wata tiya ya sayar da wata, ko dai ya cuci kansa ko ya cuci mutane. Magabata sun hango wannan, shi ya sa aka buɗe lakwal ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, a 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma tiyar awon basira da ake kawowa, a waje aka sassaƙo ta.

Duk da haka bai yarda ya ce awon ƙarya ne ba. Ya san yana auna wani abu na gaske, kuma yakan tono yaron da malami ya binne: mai i'ina, mai kunya, marayan da ke zama a layin baya. Ya kuma tuna da labarin Terman, wanda daga 1921 ya tara yara kusan 1,500 mafiya lamba a Kalifoniya, aka bi rayuwarsu har tsufa. Da yawansu sun yi fice, amma babu wanda ya ci kyautar Nobel. Yara biyu da aka gwada aka bari, William Shockley da Luis Alvarez, su ne suka ci ta, a 1956 da 1968. Bugu da ƙari, James Flynn ya nuna cewa cikin ƙarni na 20 sakamakon ya riƙa hawa da kimanin maki 3 kowace shekara 10 a ƙasashe masu masana'antu, kuma masana suna danganta haka da yawaitar karatu da kyautatuwar abinci da lafiya. Ashe lambar tana ɗauke da tarihin tukunya da na asibiti, ba baiwar Allah kaɗai ba.

Ran Juma'a ya kai maganar ga mahaifinsa, alaramma mai tsangaya a gefen gari. Ya durƙusa ya ce: "Baba, ana so a auna basirar jikanka." Tsohon ya yi murmushi ya ce: "Abokin nawa? Ai mu ma muna awo. Kolo ba ya zama gardi sai an saurare shi, gwani ba ya zama gwani sai ya rubuta Alƙur'ani da ka an duba. Amma shekaru muke yi muna awon, ba hantsi guda ba. Wane suke son aunawa, hadda, ko fahimi, ko hankali? Na ga mai kaifin hadda da ba a iya aikensa kasuwa." Sannan ya ƙara da cewa ya yi hattara da baki, domin yaron da aka ɗora a kan faifai kowa sai ya tanka.

Wadda ta yanke maganar ita ce uwar yaron, kuma ba a kan yaron ta yi magana ba. Suna da ɗiya mai shekara tara, wadda zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka kwantar tana da shekara biyu, har ta yi makonni a sashen yara na asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki tun 2005. Ta tashi, amma karatu yana zo mata a hankali. Uwar ta ce: "Malam, in aka kawo takarda gidan nan aka ce wannan lambar wane ce, ita yarinyar ba sai an auna ta ba. Da kanta za ta ba kanta lamba."

Daren nan mushe ya yi wa kansa tambayar da ta kamata tun farko: in lambar ta fito, me zai sauya? In ta yi sama, zai shirya yaron ya shiga gasa. In ta yi ƙasa, shin zai hana shi? Ya ga ba zai hana ba, domin shekara goma sha ɗaya da ya yi yana kallonsa ta fi hantsi guda a gaban baƙo. Awon da ba zai sauya abin da za a yi ba, bai cancanci tafiyar kusan kilomita 1,000 da kuɗin buhunan gero ba. Da a ce yaron yana fama ne, ya kasa karatu ba a san dalili ba, da sai ya sayar da akuya ya kai shi, domin don irin wannan Binet ya yi aikinsa.

Da safe ya kira yaron, karo na farko ya tambaye shi ko yana son tafiya makarantar kwana, nesa da gida, cikin kaki da fareti. Yaron ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ce yana so, amma wa zai riƙa yi wa ƙanwarsa bitar karatu? Mushe bai amsa ba. Wannan tambaya ba ta cikin kowane awo.

Ya yi wa surukinsa godiya, ya ce kuɗin awon a sayo littattafan lissafi da na Faransanci da fitila mai aiki da hasken rana. Sannan ya buɗe rajistan ajinsa, ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya da idon da ya yi mako yana kallon ɗansa, sai kunya ta kama shi. Akwai ɗan wani makiyayi da ke zuwa kwana uku a mako amma bai taɓa faɗuwa lissafi ba. Akwai wata yarinya mai tallar ƙosai da ke gyara wa ƴan ajin rubutu. Babu ɗayansu mai kawu a Yamai.

Tun daga wannan mako, bayan sallar isha'i, yara bakwai ke zama a zauren mushe kewaye da fitila, kowa da shirin jarrabawar da ke gabansa. Ta takwas ɗin ita ce ƙaramar, a gefen yayanta, tana bin layi da yatsa, ba mai gaggauta ta.