Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Daga cikin cututtukan da kan kama wayar lantarki, babu mai wahalar da ma'aikaci kamar wadda takan zo ta koma. Wayar da ta tsinke gaba ɗaya ta hutar da mai gyara, domin inda wuta ta tsaya nan ɓarnar take. Amma akwai wadda takan taɓa 'yar'uwarta na ƙiftawar ido, fis ya ƙone, sa'an nan ta janye jikinta. Kafin mai gyara ya iso kome ya koma daidai, sai a shiga zargin kamfanin wuta, ko ma iskokai.

A Fagge akwai wani dattijo da ya tsufa cikin aikin wuta, yana kai da kawowa tsakanin shagunan teloli da Sabon Gari, unguwar da ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Wata bazara aka kira shi wani jerin shaguna 16 masu shan wuta daga layi guda. Da safe lafiya lau, amma kusan kullum bayan azahar sai wuta ta ɗauke. Wanda aka fara kira ya riga ya cire siririn fis ya ɗaura waya mai kauri a gurbinsa, mai shagunan kuwa yana ta murna. Da dattijon ya gani sai ya ce, "Alhaji, wannan ba magani ba ne. An ɗaure bakin kare, alhali ɓarawo yana cikin gida." Dalilinsa shi ne, da gangan ake yin fis da rauni, don ya narke tun kafin wayoyin cikin rufi su yi zafin da zai kunna katako.

Ya mayar da fis, ya sa yaronsa ya riƙa rubuta lokacin da wuta ke ɗaukewa da kuma yanayin garin. Sa'an nan ya raba layin gida biyu, shaguna takwas-takwas, kowane ɓangare da nasa fis. Wanda ya ƙone shi ya nuna inda cutar take, sai ya sake raba wannan ɓangaren. Daga 16 zuwa 8, zuwa 4, zuwa 2, zuwa 1: cikin kwana huɗu ya ritsa ta a shago guda. Ashe waya ce aka bi da ita ta bakin kwanon rufi. In rana ta take, kwano ya miƙe, roba ta yi laushi, sai kaifinsa ya shiga ya haɗa jan ƙarfen wayoyin biyu. Da la'asar ya huce ya koma mazauninsa.

Wannan dabara ba ta Fagge kaɗai ba ce. A Turai da Amurka akwai masu sha'awar gina ƙananan jiragen ƙasa a kan tebur, da tashoshinsu da gadojinsu. Tsarin da kamfanin Lenz na Jamus ya ƙago, wanda ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka ta amince da shi a shekarun 1990, ya sa wuta da umarnin kwamfuta suna bin ƙarafan dogo biyu a lokaci guda. Amfaninsa shi ne ana sarrafa jirage da yawa a kan layi ɗaya. Illarsa kuwa, in ƙafar ƙarfe guda ta haɗa ƙarafan biyu a mararraba, ko wani ɗan ƙusa ya faɗa tsakani, sai dukkan jiragen su tsaya cik. Maganin da suka gano bai wuce na dattijon ba: a yanka shimfiɗar kashi-kashi, kowane kashi da nasa abin yanke wuta, a kuma lura da jirgin da ke wucewa da wurin da yake duk sa'ad da abin ya auku.

Bambancin kawai shi ne, su abin wasa suke karewa, a nan kuwa dukiya ce da rayuka. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari cikin watan Maris na 2016 ta nuna yadda wuta kan bi jerin rumfuna a dare ɗaya. Inda ake jibge yadi da roba ƙarƙashin wayoyi masu ɗauke da bolt 230, kowane fis da ya ƙone saƙo ne. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya yi haƙurin kwana huɗu ya bi sawun dalili, ya fi wanda ya toshe bakin mai gargaɗi cikin minti biyar, domin cutar da aka hana ta magana ba warkewa ta yi ba, lokacinta take jira.